Kilam na gida don riƙe katako a benci: weji ko noti?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema. Wata bakwai ke nan da na fara koyon aikin kafinta, har na haɗa ɗan bencina a gida don in riƙa gwada hannu bayan an tashi daga aiki. Bencin ya zauna daram, ba ya rawa, sai dai ba ni da abin da zai riƙe mini katako. In zan yi filen, ko dai in danne falankin da gwiwa, ko in sa ƙanena ya zauna a kai. Jiya ina aiki da cizal, hannun hagu na riƙe da katakon, sai ya zame, bakin cizal ya same ni a gindin babban yatsa. Allah ya taƙaita, yankan bai yi zurfi ba, amma na gane ba zan ci gaba a haka ba. Ina so in haɗa kilam da hannuna. Abin da nake da shi: guntayen katako masu tauri, rodi mai tiredi (haƙoran da noti ke bi) M12, wato mai kaurin milimita 12, mai tsawon mita ɗaya, noti shida da washa. Kaurin saman bencin santimita 4 ne. Ta ina zan fara?

Malamar Fasaha:
Wa alaikumus salam. Sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Kafin a shiga zancen kilam, ka riƙe wannan: hannayenka biyu su kasance a bayan bakin cizal koyaushe. Duk aikin da ya tilasta maka ka sa hannu a gaban kaifi, ajiye shi sai ka sami abin riƙewa.

Baba Kafinta:
Wa alaikumus salam. Yaro, ajiye rodin nan tukuna, ba zai gudu ba. Ni tambaya zan fara yi maka: wane irin riƙo kake nema? Domin riƙo uku ne, kuma kowanne da abinsa. Akwai riƙon falanki a kwance in za ka goge fuskarsa. Akwai riƙonsa a tsaye in za ka gyara gefe ko ka yanka baki. Akwai kuma matse falankai da yawa wuri ɗaya in ka sa gam. Masu koyo suna son abu ɗaya ya yi musu duka ukun, a ƙarshe su haɗa abin da ba ya yin ko ɗaya da kyau.

Na farkon ma ba ya buƙatar kilam sam. Ka sami siririn katako wanda bai kai kaurin falankinka ba, ka ɗaure shi da sukuru a ƙarshen benci, ka nutsar da kawunan sukurun don kada bakin filen ya ci karo da su. Ka tokare falankin a jikinsa ka tura. Ƙarfin da kake turawa da shi, shi ne zai riƙe maka. In gefe za ka gyara, ka sami guntun katako mai faɗi ka yanke masa baki kamar harafin V, ka ɗaure shi a benci, ka cusa ƙarshen falankin a ciki, ka buga ɗan weji a gefe, wato guntun katako mai kauri a kai, siriri a wutsiya. Ko ɗan maraƙi ka ɗaura ba zai fizge shi ba.

Mai Walda:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma yaron nan rodi yake da shi a hannu, kuma rodin ya fi weji sauƙin sha'ani. Weji sai ka nemi guduma, ka buga, ka buga, in ka tashi kwancewa ka sake bugawa. Noti kuwa murɗawa ɗaya ce. Ɗan Koyo, yanka rodinka gida biyu, santimita 25 kowanne, ka ajiye ragowar. Ka sami katako biyu masu tsawon santimita 60, ka huda su tare, ka zura rodin, ka gama.

Baba Kafinta:
Murɗawa ɗaya? Ɗana, ka taɓa ƙirga sau nawa ake juya notin M12 kafin ya buɗe faɗin yatsu biyu?

Injiniya:
Baba yana da gaskiya a nan, kuma lissafin a fili yake. Tazarar haƙoran M12 na yau da kullum milimita 1.75 ce, wato duk zagaye ɗaya noti yana tafiyar milimita 1.75 kacal. In kana son baki ya buɗe santimita 3 da rabi, sai ka juya sau 20, kuma rodi biyu ne, ka ga 40 ke nan. Wannan jinkirin kuwa shi ne asalin ƙarfinsa. In mariƙin da ka sa wa notin ya kai santimita 10 daga tsakiya, hannunka yana zagaya kusan santimita 63 don noti ya matsa ƙasa da milimita 2. Gogayyar ƙarfe da ƙarfe tana cinye mafi yawan ƙarfin, abin da ke isa ga katako bai fi kashi ɗaya cikin goma da ɗan wani abu ba. Duk da haka, in ka tura mariƙin da ƙarfin kilo 10, matsin da zai sauka a kan katako zai haura kilo 300. Saboda haka matsalar kilam na noti ba rashin ƙarfi ba ce. Ƙarfin ne ke yin yawa har ya lotsa aikin ko ya tsaga kilam ɗin kansa.

Ɗan Koyo:
Ikon Allah. Ni da nake tsoron M12 ya yi mini ƙanƙanta. Baba, riƙo na biyun ne ya fi damuna, wato in tsayar da katako in yanka bakinsa ko in sassaƙa. Amma ina son na ukun ma, don akwai saman ƙaramin tebur da nake son haɗawa da falanki huɗu.

Baba Kafinta:
To madalla, yanzu ka yi magana. Na haɗa falankai, weji za ka yi, kuma ba na jin akwai wanda zai musa mini a zauren nan. Bari in ba ka shi dalla-dalla.

Ka sami katako uku miƙaƙƙu, kowanne ya fi faɗin teburin da kamar taƙi ɗaya da rabi. A kan kowanne ka ɗaure guntun katako a ƙarshen nan, wani a ƙarshen can, da gam da sukuru biyu, in da hali ma da bol. Ka shimfiɗa su a ƙasa mai lebur, ka jera falankanka a kai, gefe ɗaya ya tokari guntayen. Ratar da ta rage a ɗaya gefen, nan weji zai shiga. Kuma ba weji ɗaya ba, biyu ne masu fuskantar juna, kan wannan a wutsiyar wancan. In ka yi haka, bayansu yana zama a miƙe, matsin ya sauka daidai a gefen falanki. Weji ɗaya tilo yana danna wuri ɗaya ne ya bar tabo.

Wajen yankan wejin a nan ake kuskure. Kada ya yi tsini kamar na tare tayar mota. Gangarensa ya zama a hankali: in tsawonsa santimita 20 ne, bambancin kauri tsakanin kai da wutsiya ya zama santimita 2. Mai kaifin gangare yana shiga da wuri, amma da ka juya baya sai ya tofo kansa waje. Sannan ka yanke shi bisa tsawon jijiyar katako, ba a gicciye ba, in ba haka ba bugu biyu zai dare. Ka yanke biyun daga katako guda, ka raba shi da zarto daga kusurwa zuwa kusurwa, sai su fito tagwaye. Kuma kada ka goge fuskar da sandfefa har ta yi santsi. Barin sawun zarto a jiki shi ke sa su kama juna.

In za ka buga, guduma biyu za ka riƙe, ko guduma a hannu ɗaya da guntun ƙarfe a ɗayan kana tokare wancan wejin. Ka riƙa saurare. Da fari ƙarar bugun a sake take, kamar kana buga ƙwarya. In ya kama za ka ji ta koma gajeriya, ƙwas. Ka dubi layin gam: in ka ga ya fito ƙanana-ƙanana a jere kamar ƙwayar gero tun daga wannan ƙarshe har wancan, ya isa, ɗauke hannunka.

Injiniya:
Gangaren da Baba ya faɗa, ɗaya cikin goma, ya kama kusan digiri 6. Dalilin da ya sa ba ya fita shi ne gogayyar katako da katako ta fi ƙarfin da ke turo shi baya a wannan kusurwa. Da ka ƙara kusurwar sosai, turowar za ta rinjayi gogayyar.

Baba Kafinta:
Ka ji. Mu hannu ya koya mana, ku kuma biro. Duk hanya ɗaya ce.

Mai Gyaran Kujeru:
Ina da ƙari a kan maganar Baba, don ni abin ya taɓa cin ni. Na haɗa falanki biyar da irin wannan shimfiɗar, duk katakon matsin suna ƙasa. Na buga weji da ƙarfi, na tafi na kwanta ina murna. Da safe na tarar tsakiya ta tashi sama kamar bayan kunkuru, gam kuma ya riga ya bushe. Sai da na sake tsaga shi da zarto a kan layukan gam ɗin na faro daga farko. In matsi duk daga ɓangare ɗaya yake, falankai suna lanƙwasa zuwa ɗaya ɓangaren. Maganinsa ka sa ɗaya a ƙasa, ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. Ko kuma ka ɗora miƙaƙƙen katako a sama a gicciye, ka ɗaure shi da na ƙasan, falankan su zama a tsakiya ba su da wurin tashi. Kuma ka manna tef ko ka shafa kyandir a duk inda gam zai taɓa katakon matsin, in ba haka ba za ka wayi gari kilam da tebur sun zama abu ɗaya.

Malamar Fasaha:
Gaskiya ne. Wani abin kuma da nake yawan gani wurin ɗalibai: gefen falanki bai miƙe ba, sai su ce kilam zai rufe ratar. Zai rufe ta yau, amma katakon yana nan yana ja, wata rana layin zai buɗe. Ka haɗa gefe biyu ba gam, ka ɗaga su ka duba ta hasken taga. In haske yana ratsawa, koma kan filen. Farin gam na katako yana son a bar shi a matse aƙalla minti 30 zuwa awa ɗaya, kuma kada a wahalar da haɗin sai ya kwana ya wuni, awa 24. Sannan kada ƙarfe ya taɓa ɗanyen gam a jikin katako. Itacen da ke da sinadarin tanin da yawa, irin su oak, nan take yake yin baƙin tabo in ƙarfe da danshi suka haɗu a kansa, kuma tabon yana shiga ciki.

Mai Walda:
Na sallama wa Baba a kan haɗa falankai. Amma a riƙon tsaye ina nan kan bakana. Mutum yana yankan haɗi, kowane minti biyu sai ya juya katako, ba zai yiwu ya riƙa bugun weji ba. Kuma in jinkirin M12 ne matsalar, akwai mafita: tsohon jak ɗin mota, irin mai buɗewa kamar almakashi. Rodin da ke cikinsa haƙoransa manya ne masu faɗin kai, an yi su ne don ɗaukar nauyi da yawan juyawa. Ka ciro rodin da notinsa, ka yi wa notin walda a jikin farantin ƙarfe mai huji huɗu, ka ɗaure a bayan katako. Ya fi M12 sauri, ya fi shi jure aiki.

Injiniya:
Haka ne. Tiredin bol na gama-gari kusurwar haƙorinsa digiri 60 ce, an yi shi ne don a ɗaure a bari. Na jak da na bais ɗin kanti, wato matsewar ƙarfe da ake ɗaurawa a benci, kusurwarsu 29 ko 30 ce, don a riƙa ɗaurewa ana kwancewa. Sai dai Oga Mai Walda, ka gaya masa haɗarin walda a kan ƙarfen da aka yi wa rufin zinki.

Mai Walda:
Ƙwarai kuwa, na gode da tuni. Rodi ko noti mai ƙyallin nan fari, rufin zinki ne a jikinsa. In wuta ta taɓa shi yana fitar da farin hayaƙi, wanda ya shaƙe shi da yawa zai kwana da zazzaɓi da ciwon jiki. A kankare rufin a wurin da za a yi waldar, a yi ta a fili inda iska ke wucewa. Kuma a rufe tiredin kada tartsatsi ya manne a kai, don ɗigo ɗaya ya isa ya hana noti wucewa.

Ɗan Koyo:
Yaya Mai Walda, ba ni da jak, ba ni kuma da injin walda. Babu yadda za a yi da abin da ke hannuna?

Malamar Fasaha:
Akwai, kuma ba sabon abu ba ne. Kilam mai rodi biyu da ake ɗorawa a kan benci, masu aikin katako a Turai suna kiransa da sunan Joseph Moxon, wani mutumin Ingila da ya zana irinsa a rubutunsa kan sana'o'in hannu tun ƙarni na 17. Nasu ma sukurun na katako ne. Ga yadda za ka yi da M12 ɗinka.

Katako biyu masu tauri, tsawo santimita 60, faɗi kamar 12, kauri kada ya gaza 4. Ka haɗa su ka huda tare don hujin su dace, kowane huji santimita 8 daga ƙarshe, ka ga tsakaninsu ya ba ka 44, falanki mai faɗi zai shige. A katakon baya, rodin zai zauna ne ba ya motsi: ka ɗora noti a kan hujin ta fuskar ciki, ka zagaye shi da fensir, ka sassaƙe gurbinsa mai kusurwa shida da cizal har ya nutse ya yi daidai da fuskar katako. Ta baya kuma ka sa washa da wani notin ka ɗaure tam. A katakon gaba, hujin ya fi rodin faɗi, milimita 14, kuma ka ɗan tsawaita shi zuwa hagu da dama. Wannan sakin shi ke ba shi damar karkacewa ya kama katakon da gefensa ɗaya ya fi kauri, ya kuma hana shi cijewa a kan rodin. Noti biyun da suka rage su ne na murɗawa. Kowanne ka nutsar da shi a cikin guntun katako mai tauri ya zama mariƙi, ka sa babbar washa tsakaninsa da katakon gaba. Shida ɗinka sun ƙare daidai.

A bayan katakon baya ka manna wani katako a kwance, shi za ka ɗaure a saman benci da bol biyu. Fuskar katakon bayan ta ɗan leƙo gefen benci kaɗan, yadda dogon falanki zai sauka ƙasa ba abin da ya tare shi. Wani amfaninsa, yana ɗaga aikin sama da benci da santimita 12, ba sai ka sunkuya ba in kana yanka.

Baba Kafinta:
Malama ta yi bayani mai kyau, ban da abin cewa sai abu biyu. Ka ɗan fere fuskar katakon gaba ta ciki yadda in ka rufe, leɓen sama ne zai fara haɗuwa, ƙasa ta rage 'yar rata kamar kaurin kati. In ka matsa, ƙasan za ta rufe, saman kuma ya riƙe gam-gam, nan ne kuwa kake buƙatar riƙo. Na biyu, ka manna fata a fuskar, ɓangaren mai kaushi yana waje. Fata tana sa ka riƙe da rabin murɗin da za ka yi in babu ita.

Amma har yanzu ina cewa, yaro ya fara da weji. Wanda ya san weji ya san yadda katako ke amsa matsi, yana jinsa a hannu da kunne. Noti ba ya gaya maka ka isa, sai dai ka ji ƙas.

Mai Walda:
Baba, shi ma noti yana magana, sai dai a tafin hannu yake yi.

Makeri:
Ina ta karatu ban sa baki ba, amma na ga ba wanda ya ambaci abin da ya fi duka sauri. Ƙarfe ne guda ɗaya lanƙwasasshe kamar lamba 7, ba noti ba tiredi. Ka huda benci, ka zura doguwar ƙafarsa a hujin, tafinsa ya sauka a kan katako, ka buga masa gudumar katako a ka sau ɗaya. Shi ke nan ya kama. In za ka saki, ka buga shi ta ƙeya. Sirrin shi ne ƙafar ta ɗan fi hujin siranta, in ka buga sai ta karkace a ciki, ta ciji leɓen hujin na sama ta gefe ɗaya, na ƙasa ta ɗaya gefen, wuyan kuma ya yi ɗan tsalle kamar baka yana danna katakon. Huji milimita 19 ko 20, ƙarfe mai kaurin 16 zuwa 18. Da ƙarfe mai laushi ake ƙera shi a wuta, a buge bakin ya yi faɗi. Na zubi yana karyewa in ya sha bugu. Rodin gini mai gurzai kuma zai cinye maka hujin cikin ɗan lokaci.

Malamar Fasaha:
Wannan ya ma girmi na Moxon nesa ba kusa ba. A garin Herculaneum na Italiya, wanda dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79 miladiyya, an tono zanen bango da ke nuna bencin kafinta da irin wannan ƙarfen yana riƙe da katako. André Roubo, kafintan Faransa na ƙarni na 18, shi ma bencin da ya zana da shi yake aiki.

Baba Kafinta:
To kun gani. Da tsohuwar zuma ake magani. Kuma in kun lura, shi ma ɗan'uwan weji ne, cijewa yake yi.

Ɗan Koyo:
Baba Makeri, zai kama a bencina mai santimita 4?

Makeri:
Yana bakin iyaka. Zai iya kamawa, amma hujin zai gaji da wuri, musamman in katakon mai laushi ne. Ka manna guntun katako mai tauri ta ƙasa a wurin da za ka huda, kaurin ya kai 6 ko 7. In benci ya yi kauri da yawa kuma, ya haura santimita 10, ƙafar ba ta samun damar karkacewa, sai an faɗaɗa hujin ta ƙasa. In ka ga yana ƙin kamawa, duba ƙafar: ko mai ya taɓa ta, ko ta yi santsi. Ka wanke man, ka zagaye ta da sandfefa mai kaushi, zagaye fa, ba sama da ƙasa ba. Kuma kullum ka sa guntun katako ko fata a ƙarƙashin tafinsa, don yana barin sawu.

Mai Gyaran Kujeru:
Tunda ana lissafo su, kada a manta da tsohon tub ɗin keke. Ka yanka shi tsawo-tsawo kamar igiya, ka naɗe ƙafar kujera ko duk abin da ba shi da fuska miƙaƙƙiya, kana ja kana naɗawa. Kowane zagaye yana ƙara matsi. Firam kuma igiya biyu da ɗan sanda a tsakiya, ka murɗa har ta ɗaure, ka tokare sandan. Ka dai sa kwali a kusurwa kada igiya ta ci katako.

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto bayan kwana tara. Na yi na Baba, na kuma yi na Malama.

Na weji ya yi tun karon farko. Na haɗa falanki huɗun, katakon matsi biyu a ƙasa ɗaya a sama kamar yadda Yaya Mai Gyaran Kujeru ya ce, kuma na ji sauyin ƙarar nan da Baba ya faɗa, har na tsaya na sake bugawa a hankali don in tabbatar. Saman teburin ya fito lebur, na ɗora ruwla ban ga haske ba.

Na rodin ne ya ba ni wahala. Da na gama na sa falanki a gefen dama kusa da rodi ɗaya, na murɗa, sai katakon gaban ya karkace, hagu ya rufe, falankin kuma yana motsi. Na ƙara murɗawa. Sai na ji mariƙin ya yi sako-sako a hannuna, ashe notin ya cinye kusurwoyin gurbinsa yana juyawa a ciki, guntun katakon kuma ya tsage bisa tsawonsa. Da na cire, na ga washar ta nutse a katakon gaba ta bar zobe mai zurfin da farce ke shiga. Ina na yi kuskure?

Injiniya:
Ka tuna kilo 300 ɗin nan? Duk sun taru ne a ƙarƙashin washa mai faɗin kwabo. Nemi farantin ƙarfe mai kamar santimita 5 kowane gefe, ka huda shi, ya maye gurbinta. Faɗin da matsin ke sauka a kai zai ninka sau da yawa.

Malamar Fasaha:
Karkacewar kuma daga inda ka sa falankin ne. Ka sa shi a tsakanin rodi biyun, ka daidaita na hagu da kaurin aikin tukuna, sannan ka riƙa ɗaurewa da kwancewa da na dama kaɗai, rabin zagaye ya isa. In dole sai a gefe za ka riƙe, ka sa guntu mai kauri ɗaya da shi a ɗaya gefen. Ga gwaji mai sauƙi: ka sa siraran takardu huɗu tsakanin aikin da kilam, sama da ƙasa, hagu da dama, ka ɗaure a hankali ka ja kowacce. Wadda ta zare, nan ne ba ya taɓawa. Ka sa fatar kuwa?

Ɗan Koyo:
Ban sa ba, Malama. Na ce sai na gwada tukuna.

Baba Kafinta:
Shi ya sa ka yi ta murɗa. Katako busasshe a kan katako busasshe zamewa yake yi, kai kuma kana biyan bashin da ƙarfin hannu. Sa fatar. Mariƙin kuwa, wane katako ka yi shi da shi, kuma nawa ka bari tsakanin gurbin noti da gefe?

Ɗan Koyo:
Ragowar farin katako ne mai laushi, Baba, don ya fi sauƙin sassaƙa. Gefen bai fi santimita ɗaya ba.

Baba Kafinta:
To ga shi nan. Kusurwar noti ita ma weji ce, tana neman inda za ta tsaga. Ka sake shi da katako mai tauri, ka bar aƙalla santimita 2 a kowane gefe. Gurbin ya matse har sai ka buga notin da guduma kafin ya shiga. In kana da filawud mai kauri ma ya fi, ka manna biyu, domin jijiyarsa a gicciye take, ba ta da hanyar tsagewa.

Mai Walda:
Ko ka kai wa mai walda notin biyu ya ɗana musu guntun rodi a gefe, aikin minti biyar ne, ka huta da tsagewa har abada. Kuma kada ka sa giris a tiredin, yana tara garin katako ya koma laka, ya kuma ɓata maka aiki. Goga masa kyandir kawai.

Ɗan Koyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na sake mariƙan da filawud ninki biyu, na sa farantin ƙarfe, na yanko fata daga tsohuwar jaka na manna. Na yi gwajin takarda, ta ƙasan hagu ce kaɗai ta zare, na ɗan goge wurin da ya yi tudu har ta kama. Yanzu da yatsu uku nake ɗaurewa, na rataya nauyina a kan falankin bai motsa ba. Yau na yanka haɗin aljihun tebur hannayena biyu suna kan zarto.

Baba Makeri, na manna guntun katakon a ƙasan benci kamar yadda ka ce, kaurin ya kai 7. Huji nawa zan yi, kuma nesa nawa daga gefe?

Makeri:
Kada ka cika bencinka da huji tun yanzu. Sai ƙarfen ya zo hannunka ka auna tsawon wuyansa, shi zai gaya maka tazarar. Ka fara da biyu, ka duba ƙasa kada ka huda kan ƙafar benci, ka kuma riƙe abin hudar a tsaye cak da sukwaya a gefensa. Na uku sai ranar da aiki ya nema.